Filin Rawar Kajin Daji

Da na ji ma'aikaciyar gwamnati za ta zo ƙirga kajin dajin da ke rawa a gonarmu ta jihar Wyoming a Amurka, sai na hau tarakta. In ta rubuta su, za a rage wa shanuna kiwo a makiyayar gwamnati da ke gefenmu. Kafin rana ta take na kife filin rawar, na tumɓuke tazargade, tsiron da suke fakewa a ciki, har saiwa.

Babana makaho ne. Shekara sittin ke nan duk Afrilu yake sammako ya saurari zakarun suna kumbura ƙirji, suna kiɗa kamar ganga. Washegari ya ce in kai shi filin.

Muka zauna a mota, gilashi a sauke. Sai iska.

"Ɗana, ba su zo ba ne?"

"Ga su nan sun fi talatin, Baba. Sai rawa suke."

Ya karkata kai, ya daɗe yana kasa kunne.

"Ni ban ji komai ba."

"Kunnen ma ya bi idon ke nan," na ce. "Tsufa ne."

Ya gyaɗa kai, ya rage murya. "To yi shiru, kada ka kore su."