Tabo Uku

"Kashe injin," ta ce wa mijinta. "Daga nan da hannu za mu tuƙa."

"Ke da kika fi kowa gudu a ruwan Tampa?"

Shekara biyu ke nan da farfelar jirgin ruwanta ta yanki bayan wani ayu, ya nutse yana jini. Duk lokacin sanyi ire-irensa sukan taru a wannan marmaro mai ɗumi, ita ma takan zo ta ga ko ya rayu.

Ruwan ya motsa. Sai ga faffaɗan baya ya taso dab da su, da tabo uku a jere.

"Shi ne, tsoho!" ta ce wa mijin.

"Ashe uwa ce," ya ce yana dariya. "Dubi gefenta."

Jariri na manne da ita, yana shan nono.