Amsar Awabu a Kasuwar Camberwell

Ganyaye sun yi ja suna zuba ranar da Maharazu ya tare Awabu a kasuwar Camberwell, can ƙasar waje, tana loda tuffa a kwandon kekenta. Shekara uku ke nan da ya fasa aurenta ana saura kwana biyar a ɗaura, wai danginsa ba sa son 'yar zangon Kumasi.

"Na yi kuskure, Awabu. Ki aure ni."

Ta ɗago ta kalle shi. Wannan ranar take jira.

"Ɗaga murya, ban ji ba."

Ya maimaita da ƙarfi, har masu cefane suka waiwayo.

Ta yi murmushi. "Ran Asabar za a ɗaura aurena da Almu, abokinka da ka aiko ya gaya mini ka fasa."

Ta hau kekenta, zuciyarta fes.