Kafaɗar Auta

"Wayyo kafaɗata!" Auta ta ƙwalla ƙara da likita ya ɗaga hannunta. Shekararta biyar.

"Awa nawa take yi da waya a rana?" likita ya tambaya.

"Waya? Allah ya kiyaye!" in ji Mama. "Ko wasa ban taɓa barin ta yi da ita ba."

Baba ya haɗe rai. "To wani ke dukan 'yata. Auta, wane ne?"

Auta ta miƙa hannuwa biyu sama.

"Ba wanda ya doke ni, Baba. Haka nake riƙe wa Mama wayar in tana bidiyon kwalliya. In na motsa, sai mu sake daga farko."