Ranar da Baba Ya Soya Iri

A gidanmu, mu Kiristocin wani ƙauye kusa da Fulatan, komai yunwa ba a taɓa gyaɗar iri. Amma wata la'asar, gab da faɗuwar damina, Baba ya sauko da ita daga rumbu ya juye a kasko. Wani mai wa'azi a rediyo ya ce washegari Yesu zai dawo, Baba kuwa ya gaskata.

Inna ta ce, "Maigida, Littafi ma ya ce ba wanda ya san ranar. Rage mana ko tiya guda."

Ya ce, "Wa zai shuka?" Ya cika mini tafin hannu da ita da zafinta. "Ci, uwata. Daga gobe ba sauran yunwa."

Na ci, ta kuwa yi daɗi. Gari ya waye kamar kullum. Da ruwa ya sauka, ciyawa ce ta cinye gonarmu.

Har yau in na ji ƙamshin soyayyar gyaɗa a tasha, sai in ga Baba bakin rumbu cikin farar rigarsa ta zuwa coci, yana kallon gabas. Ban sake ganin fuskarsa da farin ciki irin na wannan yammacin ba.