Ɗalibar da Ta Ce "To" Ga Kowa

An yi wata ɗaliba a wata jami'a da ke da wani tsari na daban: duk wanda ya gama shekarar farko, ya ga babu sashe ɗaya da ya ƙunshi abin da yake son sani, yana iya tsara karatunsa da kansa, ya tsinto darussa daga sassa daban-daban, ya kai gaban kwamiti. Sau ɗaya ake nema. Wanda aka ƙi sai ya koma kwas ɗin da aka ba shi tun farko, ita kuwa kwas ɗin akanta, wato lissafin kuɗi, aka ba ta, ba don ta so ba. Abin da ke cin ranta yana bayan gidansu. Tana ƙarama akwai kududdufi a wurin, inda ruwan unguwa ke taruwa da damina. Aka cike shi da shara da ɓaraguzai, aka jera shaguna a kai. Tun daga nan ruwa ya koma bin gidaje, ya ci gindin katangar ɗakin mahaifiyarta har sai da aka tokare ta da azara. Tambayarta ɗaya ce: in an cike wa ruwa mazauninsa, ina zai je? Ta ga amsar tana buƙatar ilimin ruwa, da tsara birane, da tarihin maginan da suka haƙa ramin tun asali. Haka ta rubuta a takardar nemanta, ta fara da labarin katangar.

Ƙa'ida ita ce malami ɗaya daga kowane sashe ya sa hannu. Ita kuma a gidan da ta tashi, babba in ya yi magana "to" ake cewa, ko da zuciya ba ta kwanta ba. Malamin ruwa ya karanta, ya ce labarin katanga hira ce, ba ilimi ba, ta cire, ta sa lissafin gudun ruwa a manyan madatsai. Ta rusuna ta ce to. Malamin tsara birane ya ce unguwa ɗaya ta yi kaɗan, ta ɗaga ido ta dubi manyan biranen duniya. Ta ce to. Malamar tarihi ta ce ai ba za a gane komai ba sai an faro daga ganuwa da fatauci. Nan ma to. Duk gyaran da ta yi wa ɗaya, sai ta koma ta nuna wa sauran, ta tarar wannan ya yi tafiya, wancan yana taro. Ta san bencin ƙofar kowane ofis, ta san matakalar da ta karye a hawa na sama, maɗaurin takalminta ya tsinke ta ɗaure da leda. Babu wanda ya ce mata in ba ta gyara ba ba zai sa hannu ba. Kowa dai ya faɗi abin da shi zai karanta da shi ne ita, ita kuma ta ɗauki shawara a matsayin umarni. Takardar ta yi kauri, ta yi kyau, ta samu sa hannu uku. Kalmar kududdufi ba ta saura ko sau ɗaya a ciki ba.

Ranar kwamiti, shugabar wata dattijuwa ce da ta riga ta saurari ɗalibai tun safe. Ta juya shafukan a hankali, ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce, "'Yata, ga muryar malamin ruwa a nan, na san ta. Ga ta mai birane, ga ta mai tarihi. Ke fa? Me kike son sani?" Ɗaliba ta buɗe baki, abin da ya fito sai jimlolin da ta haddace, na madatsai da ganuwa. Dattijuwar ta jira. Azarar da ke tokare da katanga ta faɗo wa ɗalibar a rai, amma an riga an ce mata hira ce, kunya ta hana ta faɗa a gaban manya. Ba wanda ya yi mata faɗa. Cewa kawai aka yi karatu uku ne aka ɗinke wuri guda, kowanne akwai sashen da ke koyar da shi, babu dalilin yi mata tsari na musamman. Aka miƙa mata takardarta, aka kira na gaba.

Kafin ta isa gida hadari ya taso, ruwa ya zubo. A bakin lungunsu ta cire takalmi, ta tsunduma cikin ruwa har idon sawu, takardar a ƙarƙashin mayafi. Ta tarar da mahaifiyarta a ƙofar ɗaki tana kwalfe ruwa da kwanon sha. Uwar ta ɗago ta ce, "An ba ki?" Ɗalibar ta ajiye takardar a kan turmi, ta ɗauki wani kwanon, ta sunkuya kusa da ita. Tambayar da ta rasa a ɗakin kwamiti ga ta nan tana kwarara ta tsakanin ƙafafunta. Shi ya sa Hausawa ke cewa, zanen aro ba ya rufe katara.