Sunan da Haladu ya raɗa wa 'yarsa

Tun da wani kamfani ya dasa kunnen na'ura a bangon kowane gida, Haladu ya daina sakin baki a ɗaki. Da matarsa Indo ta haihu, sai ya ajiye waya, ya kai jaririyar bayan turken awaki, ya yi mata huɗuba. Ko uwar ba za ta ji sunan ba sai ranar suna.

Washegari ya je kanti sayen sabulu. Allon kwamfuta da ke bakin ƙofa ya ce, "Barka, baban Juwairiyya!"

Ya dawo gida a guje, yana zazzage shimfiɗa, yana leƙa ƙarƙashin gado.

"Malam, lafiya?" in ji Indo.

Ya tsaya cak. Idonsa na kan ɗan awarwaron da asibiti suka ɗaura wa jaririyar, wanda suka ce ba a cirewa.