Haddar Hajiya Inno

Hajiya Inno ta sake mintsinar cinyarta da ƙarfi, ba ta ji komai ba. Kullum sai ta gwada, kullum kuma sai ta tsine wa likitan nan mai farin tabarau.

Kafin ciwon, duk mai sayen atamfa a unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangi ya san tafiyarta. Mace ce mai sauri da faɗa, tana ratsa kasuwa masu turin amalanke suna kauce mata. Yanzu ita ake turawa a keken guragu, kuma abin yana cin ta fiye da ciwon kansa.

Abin ya fara ne da ciwon baya. Da aka ɗauki hoto aka ga babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya ta kumbura kamar tsohon tiyo, saura kaɗan ta fashe. Aka ce aikin sai a Tunisiya. Inno Hausa take ji da Sango, yaren ƙasarsu, Faransancinta bai wuce na ciniki ba, don haka ta tafi da Rahama, 'yar ƙanwarta, ta zama bakinta da kunnenta.

Ai dama wa za ta ɗauka in ba Rahama ba? Ita ta riƙe ta tun shekarar rikici. Ranar da suka gudu daga unguwar Yakite motar ta cika da dilolin atamfa, ba wurin keken guragu na Hureira, uwar yarinyar, wadda shan inna ya nakasa tun tana ƙarama. Inno ta ce za a dawo a ɗauke ta, sai hanya ta rufe, ba a ƙara ganin Hureira da rai ba. Ƙaddara ce, Inno ba ta son ana tayar da zancen. Ta sa marainiyar a makaranta har ta iya Faransanci kamar Baturiya, yarinya shiru-shiru, ko musu ba ta yi.

A can Tunisiya, babban likitan asibitin bai ɓoye mata komai ba. Ta bakin Rahama ya ce lakar baya daga ƙananan rassan wannan jijiya take shan jini, in an yi faci wani lokaci jinin yakan yanke mata, ko da bayan kwanaki ne. In ta ji ƙafa ta yi nauyi ta faɗa nan take. Za su zuƙe ruwa ta bayanta, su ƙara wa jinin ƙarfi, sau da yawa ƙafar takan dawo. In aka yi jinkiri kuwa shi ke nan.

An yi aiki lafiya. Ta farfaɗo tana motsa yatsu, har ta fara yi wa ma'aikatan faɗa a kan abinci ba gishiri. Sai wata rana bayan azahar ta ji ƙafafunta kamar an ɗora musu buhun siminti.

"Rahama, kira likita. Ƙafafuna sun mutu."

Rahama ta fita da sauri ta dawo da mai farin tabarau, wani matashi da ke kan aiki ranar. Ta yi masa bayani a nutse. Inno ta kafe shi da ido tana jiran ya yaye bargon. Sai ya yi murmushi, ya gyara mata matashin kai, ya ja labule ya fita. Kafin babban likitan ya zo da safe lakar ta riga ta tafi.

Wannan murmushin ne ya hana Inno sakewa. An gaya masa, ya ji da kunnensa, ya yi dariya ya tafi, don baƙar tsohuwa ce daga Bangi. Ta rantse sai ta ga an raba shi da farar rigar nan, ya zauna a gida kamar yadda ya zaunar da ita.

Kuma tana da makami. Matar da ke riƙe sunan kowane zane a shagonta ba ta mantuwa. Maganar da Rahama ta gaya wa likitan ta shiga kunnenta ta zauna daram. Tana bitar ta a zuci bayan kowace salla, ba ta faɗa wa kowa ba, don kada a ce mata ta bar wa Allah.

Wata Juma'a bayan sun dawo Bangi, da aka sauko daga Masallacin Kuduku, Muhammad Awwal ya zo. Lauya ne daga unguwar Kokoro, ɗan tsohuwar ƙawarta. Rahama ta kawo shayi, ta turo Inno zuwa inuwa, ta tsaya a bayanta riƙe da hannun keken.

Lauyan ya saurara har ƙarshe, sannan ya girgiza kai. "Hajiya, zai ce ba a gaya masa ba. Dole mu san ainihin abin da aka faɗa."

Inno ta gyara zama, daɗi ya kama ta. "Ɗana, ai a kaina yake. Saurara." Ta ɗaga murya, tana fitar da kowace gaɓa: "El na mal nul par, el vo dormir."

Muhammad Awwal ya ajiye kofinsa. Ya ce ta maimaita, ta maimaita da alfahari. Bai dube ta ba, sama da kanta yake kallo, inda Rahama take tsaye ba ta ko motsa ba.

"To, me kake jira? Wannan bai isa a ɗaure shi ba?"

"Hajiya," in ji shi a hankali, "babu zancen ƙafa a ciki. Ce masa aka yi babu inda ke miki ciwo, barci kawai kike so."